Garin Ƙwanjin Da Na Auna Wa Ƙanena Da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, kuma sau da yawa nakan ɗauki biro zan rubuto nawa labarin, sai jikina ya yi sanyi in ajiye. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai shekara ashirin da 'yan kai, tela a unguwar Soron Ɗinki, sana'ar da na tashi na tarar a gidanmu. Tun ina ƙarami mahaifina ya rasu, ƙanensa, wato Baffa, shi ya riƙe ni a ɗakin matarsa da muke kira Inna. Ban taɓa ganin bambanci tsakanina da 'ya'yansu ba. Aikina kuwa zama ne daga hantsi har magariba a kan keke, ga gurasa, ga soyayyen dankali, ga lemon kwalba, duk mai tallan da ta wuce sai na tsayar da ita. Kafin in ankara na yi teɓa ta ban mamaki. Abokai a majalisa suka laƙaba mini suna saboda tumbina, har yaran lungu suka ɗauka. Nakan yi dariya tare da su, amma idan na shiga ɗaki na tuɓe riga sai in ji na tsani kaina.

Babban ɗan Baffa shi ne ƙanena, ɗaki ɗaya muke kwana. Shi kuma siriri ne, mai sanyin hali, yana karatu a kwalejin horar da malamai. Yaya yake kirana, kuma duk abin da na yi shi ne daidai a wurinsa. Akwai abu ɗaya da dole in faɗa tun yanzu. Yana yaro ya taɓa yin ciwon kumburi, fuskarsa da ƙafafunsa suka haye, aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce ƙodarsa ce ta taɓu, a riƙa kula da abin da yake sha. Ya warke sarai, kowa ya manta. Ni ne ma nake kai musu abinci asibiti a lokacin, don haka ba zan ce ban sani ba.

Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, siyasa ta zauna da gindinta. Duk kakar zaɓe shagonmu cika yake da ɗinkin anko na magoya baya. A nan na fara ganin wasu samari ƙarti cikin baƙaƙen riguna masu kama jiki, suna gudu a gefen motar ɗan takara, suna ture mutane da ƙirji. Ɗaya daga cikinsu tare muka yi makarantar allo, a da ko bokitin ruwa da ƙyar yake ɗagawa, ga shi ya zama kamar an hura shi. Na ga yadda ake ba shi hanya, na ga yadda 'yan mata ke leƙowa ta soro. Ba aikin rakiyar ne ya dame ni ba, jikin nake so. Na tambaye shi, ya kwatanta mini wani gidan ɗaga ƙarfe a unguwar Koki.

Wani kango ne da aka rufa wa kwano rabi. Kayan aikin duk na gida ne, siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa ƙarfen mota, da bencin katako, da wani fasasshen madubi jingine da bango. Mai wurin kowa Oga yake ce masa, mutum ne mai faɗin kafaɗa da sakin fuska, ya iya magana ƙwarai. Na fara zuwa bayan sallar asuba kafin in buɗe shago. Gaskiya watannin farko sun yi mini amfani. Numfashina ya daidaita, barcina ya yi daɗi, wandona ya ɗan saki. Da na tsaya a haka da yau ba ni da labarin da zan rubuto. Amma ni gani nake abin ba ya sauri, kullum ina gaban madubin nan ina gwada damtsena da na wasu.

A wurin na fara jin maganar furotin. Kowa da abin da yake sha. Wasu na haɗa garin waken suya da gyaɗa da madara a gida, wasu na sayen manyan robobin nan na ƙasar waje masu hoton ƙato a jiki. Na je wani babban kantin magani a bayan ganuwa don in sayi irin robar. Mutumin da ke wurin, wani dattijo mai tabarau, bai miƙo mini ba sai da ya zaunar da ni. Ya tambaye ni ko na taɓa auna jinina, ko akwai mai ciwon ƙoda ko sukari a gidanmu, da abin da nake ci a wuni. Ya ce garin nan ba sihiri ba ne, abinci ne kawai da aka tace, kuma wanda ke samun ƙwai da wake da kifi da nono ba lallai ya buƙace shi ba. Ya ce in rage lemon kwalba da soye-soye, in je a duba ni, in har yanzu ina so in dawo ya zaɓar mini mai hatimi da lambar hukuma. Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan tsoho me ya sani game da ƙarfe.

Da na ba Oga labari sai ya yi dariya, ya ja ni bayan kangon ya buɗe wata jaka. Gari ne ruwan ƙasa-ƙasa a ƙulle cikin farar leda, babu suna, babu rubutu, yana ƙamshin madara da wani ɗan ɗaci a ƙarshe. Ya ce haɗinsa ne na musamman, shi yake ba yaran da ke rakiyar manya, yana narkar da kitse ya gina tsoka a lokaci guda, abin da na roba zai yi a shekara shi a wata zai yi. Na tambaye shi me da me ke ciki, ya ce sirrin sana'a ne, in dubi jikinsa kawai. Na dubi jikinsa, na karɓa. Iyakar binciken da na yi ke nan a kan abin da zan zuba wa cikina.

Garin ya yi aiki, kuma wannan ne mugun abin da ke tattare da shi. Cikin 'yan makonni tumbina ya faɗa, ina ta fitsari kamar an buɗe famfo, kafaɗuna suka buɗe, ƙarfen da a da nake kallo daga nesa na fara ɗaga shi. Na sake yanka rigunana gaba ɗaya. Masu tsokanata suka koma tambayata sirri. Akwai wasu abubuwan da suka zo tare da wannan, ciwon kai a ƙeya, ƙuraje a baya, ƙishirwar da ba ta yankewa, da wata irin zuciya da ban san kaina da ita ba. Na taɓa ɗaga wa Inna murya a kan an taɓa mini kofi, matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba. Oga ya ce duk alamar jini ne yana gudu, in ƙara cokali.

Ƙanena yana kallon duk wannan. Wata rana ina dama garin a ɗaki ya ce, cikin jin kunya, shi ma ya gaji da yadda ɗalibai ke raina shi idan ya je koyarwar gwaji, wasu yaran ajin ma sun fi shi cika ido. Ya ce ko zan ɗan sam masa. Wallahi a daidai lokacin maganar likitan nan ta yarintarsa ta faɗo mini a rai, na kuma tuna tambayar dattijon kantin magani. Sai na ce wa kaina ai wancan ciwo ya wuce tun tuni. Na ɗauko cokali na auna masa da hannuna, na dama masa, na ce kada ya gaya wa Baffa. Daga ranar tare muke zuwa Koki, tare muke sha. Idan na gwada shi da tef na ga ƙirjinsa ya ƙaru sai mu tafa, ina jin kaina kamar na yi masa wani babban gata.

Azumi ya zo mana cikin tsananin zafi. Mai hankali zai dakata, mu kuwa muka ƙi, don Oga ya ce wanda ya huta wata guda jikinsa zai zube. Muka mai da shan garin lokacin sahur da buɗa-baki, muka koma ɗaga ƙarfe da la'asar da bakinmu a bushe. Wajen tsakiyar wata ƙanena ya fara cewa fitsarinsa na kumfa, kuma ya ragu. Daga baya ya fara amai idan ya sha ruwa, abinci ya daina yi masa daɗi. Fuskarsa ta cika, mutane na yi masa barka wai azumi ya karɓe shi. Ya tambaye ni ko garin ne, na ce masa wahalar azumi ce, ni ma ina jin haka.

Ranar sallah da safe na miƙa masa sabuwar shaddar da na ɗinka masa. Ya sa rigar, amma ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. Na durƙusa na danna bayan ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce in tafi idi kawai zai biyo ni da silifa. Ban kai bakin lungu ba na ji salatin Inna. Na dawo na same shi a ƙasa a tsakar gida yana jijjiga, idanunsa sun juye. A motar maƙwabcinmu muka kai shi asibiti, mutane na tafiya masallaci cikin ado mu muna neman hanya.

Da ya farfaɗo likita ya ce jininsa ya hau fiye da kima, kuma ƙodarsa ba ta aiki yadda ya kamata. Ya tambaya a gabanmu duka ko yana shan wani magani, na asibiti ko na gargajiya ko na ƙarin ƙarfi. Baffa ya ce yaronsa ko goro ba ya ci. Likitan ya juya ga ƙanena. Ƙanena ya dube ni, sannan ya girgiza kai ya ce babu. Rufa mini asiri ya yi. Ni kuma ina tsaye a bakin gado da faffaɗan ƙirjina, na sunkuyar da kai na yi shiru. A duk abin da na aikata, wannan shirun ne ya fi hana ni sukuni har yau.

Da aka ga ya ɗan samu sauƙi, kuma ba a san musabbabin ciwon ba, sai 'yan uwa suka fara kawo shawara. Wasu suka ce baki ne ya kama shi saboda yadda ya yi kyau kwanan nan, wasu suka ce sammu ne. Aka matsa wa Baffa ya dawo da shi gida, aka shiga ba shi jiƙe-jiƙe da saiwoyi, ƙodar da ke neman hutu aka ƙara mata kaya. Ina gani, na san gaskiya, kullum sai in ce gobe zan faɗa. Na daina shan garin, na ɓoye ragowar a cikin buhun ƙyallaye a shago. Sai da ya kai ga numfashi na gagararsa idan ya kwanta, yana kwana a zaune, sannan na ɗauko ledar na sami Baffa a soro bayan sallar azahar na ajiye a gabansa. Na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon ledar, bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba.

"Ka san da ciwonsa na yarinta?" Abin da ya tambaye ni ke nan.

Na ce na sani.

Ya miƙe ya sa takalmi ya ce in ɗauko ledar mu mai da ƙanena asibiti.

Likita ya karɓi garin ya aika a bincika. Da sakamako ya dawo ya ce mana akwai madara da waken suya a ciki, amma an daka su ne tare da ƙwayoyin kumbura tsoka, da maganin sa fitsari, da wani maganin da masu kiwo ke ba raguna don su yi ƙiba kafin layya. Ya ce ko mai lafiyayyar ƙoda ya daɗe yana sha zai ji jiki, balle wanda tasa ke da tabo, balle kuma da azumi. Ya ce da an gaya masa tun ranar farko da ya san ta inda zai ɓullo wa abin, kuma da bai yarda a fita da shi ba. Bai ce tabbas da ya warke ba, amma bai ce da ba zai warke ba. Tsakanin waɗannan biyun nake rayuwa.

Aka fara yi wa ƙanena wankin ƙoda. Wanda bai taɓa raka mara lafiya ɗakin nan ba ba zai gane ba. A kwantar da mutum a jona masa robobi, jininsa na fita yana zagaya inji yana dawowa, ya tashi a galabaice kamar an yi masa duka. Ruwan sha ma sai an auna masa. Naman da muka yi ta murna a kansa ya zube, ya koma ƙasa da yadda yake a da, fatarsa ta yi duhu. Karatu ya tsaya. Baffa ya sayar da gonarsa ta gado da ke ƙauye, ni na sayar da kekuna biyu cikin na shago. Duk da haka ko sau ɗaya yaron nan bai ce ni na jawo masa ba. Idan na zauna kusa da shi na kasa magana, shi ne yake jana da hira, yana tambayata labarin majalisa.

Da likitoci suka kawo maganar dashen ƙoda, ban bari an gama ba na ce a ɗauki tawa. A karon farko tun ranar sallah na ji kamar an buɗe mini wata ƙofa. Na ce wa kaina ga hanyar da zan biya. Aka ɗebi jinina da fitsarina, aka yi hoto. Ranar da na koma karɓar sakamako likitan ya rufe ƙofa ya ce in zauna. Ya ce jininmu ya dace, amma ba za su iya taɓa ni ba, domin nawa ƙodojin su ma garin ya ci su, jinina ya hau, kuma idan ban kiyaye ba nan da wasu shekaru a gadon kusa da nasa za a kwantar da ni. Na roƙe shi ya ɗauka a haka, ya ce ba zai cire ruɓaɓɓiya ya dasa wa mara lafiya ba. Na fito na zauna a ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Abu ɗaya da nake da shi da zai amfane shi, shi ma na lalata da hannuna.

Na rasa yadda zan gaya masa, ashe ya riga ya karanta a fuskata.

"Yaya, kai ma ta taɓu ko?" in ji shi.

Na gyaɗa kai.

"To ka riƙa shan maganinka. Kada Inna ta yi jinya biyu."

Inna ta tsufa, Baffa na da sukari, sauran ƙannen ba su kai shekarun da za a karɓi tasu ba. Muna cikin neman mafita zazzaɓi ya shiga ta wurin da ake jona masa roba, jikinsa ya kasa ɗauka. Ya rasu wata Laraba da hantsi, kafin azumi ya zagayo. A maƙabarta na tsaya can baya, ina ganin ban cancanci in matso ba. Baffa ya waiwayo ya neme ni cikin mutane, ya ce in shiga in karɓi ɗan uwana. Na shiga na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Oga kuwa tun da ya ji an kai garinsa asibiti ya kulle kangon ya bar unguwar. Na ji an ce ya buɗe wani wurin a wajen gari, ban bi sawu ba, domin ko na kama shi ba zan iya cewa shi ya ɗura wa ƙanena ba. Cikin waɗanda muke ɗaga ƙarfe tare akwai wanda na haɗu da shi daga baya a layin masu hawan jini, muka gaisa kowa ya kau da kai. Baffa bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, kwanan yaro ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma na san ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da ya yi da saninsa.

Ga samari 'yan uwana masu son ƙwanji, da masu son rage teɓa maza da mata, ban ce motsa jiki laifi ba ne, shi ne ma abu mafi alheri da na yi wa kaina kafin gaggawa ta shige ni. Ban kuma ce duk garin furotin guba ba ne. Amma duk abin da aka miƙo maka a leda babu suna babu hatimi, mai shi ya ce sirri ne, to ka bar masa sirrinsa. Wanda ya yi maka alkawarin jikin shekara a wata guda, akwai abin da ya zuba da ba zai iya faɗa ba. Ka je a auna jininka da ƙodarka kafin ka fara shan komai, ka saurari mai yi maka tambayoyi ko da ya ɓata maka rai, domin mai son ya sayar maka kawai ba ya tambaya. Kada ka ba wani abin da kake sha don ka ga ya karɓe ka, ba ka san abin da ke cikin jikinsa ba. Idan kuma ta riga ta faru, ka faɗa wa likita gaskiya a ranar farko, ko da a gaban mahaifinka ne. Kunyar da na guje wa a ranar ba ta kai ko kusa da abin da nake ɗauke da shi yanzu ba.

Yau ina nan da rai, ina shan magani safe da yamma, ina zuwa asibiti ana duba ni. Na yi aure, na koma unguwar Sheshe da zama. An hana ni gishiri da abubuwa da yawa. Matata ta iya girkin, amma har gobe duk azahar sai kwano ya iso shago daga gidanmu. Inna ce take dafa mini da kanta a tukunya daban, miya ba gishiri ba dunƙule, irin wadda ta koya a lokacin jinyar ɗanta. Na sha roƙonta ta huta, ta ce hannunta ya riga ya saba. Ba ta taɓa ce mini komai a kan abin da ya faru ba. Nakan ja labulen shago in zauna in cinye tas, ko ba na jin yunwa, domin idan kwanon ya koma da saura takan aiko a tambaya ko jikin ne.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ƙanena a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya ba Inna ladan haƙurinta, ni kuma Ya yafe mini.